Lambar Da Ke Ƙarƙashin Kwamfuta

"Auta, in na sake jin kin taka shagon nan, ni da ke ne a gidan nan."

Abin da Yaya ya faɗa mini ke nan da safe yana ɗaura agogo, ko kallon inda nake bai yi ba. Na ce to. Ƙarfe sha ɗaya a shagon ta yi mini.

Ba taurin kai ba ne, Allah ya gani. Zanen gidaje nake yi wa wani ofishin magina, a gida nake aikin saboda ƙafafun Umma da suka daina ɗaukarta, ko banɗaki sai an riƙe ta. Ranar da tsohuwar laftof ɗina ta mutu ina tsakiyar zanen wani bene da aka ba ni mako biyu in gama. Shi ne na sayi wata 'yar ƙaramar kwamfutar tebur a wurin Injiniya, ta hannu, irin waɗanda ofisoshi suke gama amfani da su a sayar. Ba ta fi girman ƙamus ba, a jakar hannu ma nake ɗaukar ta.

Shi kuma Injiniya ba baƙona ba ne. Shekararmu biyu tare. Sau biyu yana zuwa wurin Yaya da maganar aurena, sau biyu Yaya yana barinsa a tsaye a ƙofar gida. Tun da Baba ya rasu maganar Yaya ce magana a gidanmu, shi kuwa ya rantse ƙanwar da ya sha wahalar karatunta ba za ta ƙare a hannun mai tsintar bola ba.

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da wayoyi da mai ɗinkin labule. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya daga waje. Ba injiniyan takarda ba ne, 'yan layin ne suka laƙaba masa sunan har ya gaji da musu.

Yana ganina ya ture abin da ke gabansa.

"Mai Zane, me ta yi miki kuma?"

"Da na buɗe zanen sai ta tsaya tana kallona. Jiya har ruwan wankan Umma na ɗora na dawo ba ta gama tunani ba."

"Ba laifinta ba ne. Shekara biyar baiwar Allah tana ofis tana buga wasiƙa, ke kuma kin zo kin ɗora mata bene a ka."

Na yi dariya duk da abin da ke cin raina.

Ya kwantar da ita a kan teburinsa. Noti ɗaya ne a bayanta, da yatsa ya kwance shi, ya zame murfin. Ban taɓa ganin cikinta ba. Komai a matse, 'yar fankarta ta yi baƙi ƙirin da datti. Ya ɗaga fankar, ya goge ta da ɗan burushi a hankali kamar mai taje wa jariri kai.

"Kin ga wannan ɗan kore? Shi ne ram. Shi ne teburin da take shimfiɗa aiki a kai. Nata ƙarami ne, takwas kawai, zanenki kuwa ya fi ƙarfin teburin. Ga gurbi ɗaya babu kowa, za mu ƙara takwas."

Ya miƙa hannu gefe ya ɗauko wani irinsa. Sai a lokacin na lura tasa kwamfutar da yake aiki da ita a buɗe take, allonta a kashe.

"Daga taka ka ciro?"

"Wanda na yi oda bai iso ba."

"To kai da me za ka yi aiki?"

"Tawa ba ta gina bene."

"Wallahi ba zan karɓa ba."

"Ba ke na ba wa ba, ita na ba wa. Zo ki sa mata da hannunki. A karkace za ki zura shi, sannan ki danna har ki ji ƙas."

Na zura shi a karkace. Na danna, ban ji komai ba.

"Danna mana, ba ƙwai ba ne."

Ƙas! Na ɗago na kalle shi, shi ma ni yake kallo. Na sauke idona.

Ya cire tsohon faifan ajiyarta, ya maye gurbinsa da wani siriri kamar cingam, ya ce wannan ba ya juyawa, ba ya ƙara, kafin in gyara zama ta gama tashi. Ya goge wani busasshen mai da ke ƙarƙashin fankar ya ɗiga sabo, don kada ta riƙa ɗaukar zafi. Kusan awa biyu yana mayar da kayan aikina a kanta. Da ya gama ya jona ta da allo ya ce in buɗe zanen.

Benen nan hawa biyu ya fito a take. Na juya shi dama, na juya shi hagu, ko gezau.

Maimakon murna sai hawaye.

"Subhanallahi. Mai Zane, me ya faru?"

"Yaya ya ce kada in sake zuwa."

Ya juya notin a tsakanin yatsunsa.

"Manajan ya sake zuwa?"

Na gyaɗa kai. Manaja shi ne shugaban Yaya a kamfanin da yake riƙe da sito. Wata huɗu ke nan tun da ya kawo Yaya gida a motarsa ya gan ni ina shanya, bai sake barin ƙofarmu ta huta ba. Da ya ji laftof ɗina ta mutu, washegari ya aiko da sabuwa fil a kwalinta. Tana nan a saman durowar Umma, ko tef ɗin ban ɓare ba.

"Na gaji," na ce. "In na fito falo maganarsa, in na shiga ɗaki maganarsa. Umma ba ta ce in so shi ba, amma kullum sai ta ce in tausaya wa Yaya, a ƙarƙashin mutumin yake cin abinci. Ni wa zai tausaya mini?"

"Ki ƙara haƙuri kaɗan. Jikina yana ba ni Yaya ya fara saukowa."

"Saukowa? Mutumin da ya kira ka mai tsintar bola?"

"Ai da gaskiyarsa, a bolar na tsinto miki wannan." Ya mayar da murfin yana murmushi. "Akwai abin da na gani. Ki bari dai."

Na yi juyin duniya ya faɗa mini, ya ƙi.

*

Bayan la'asar ina kan aiki na ji ƙarar ƙofa. Yaya ba ya dawowa da wuri haka. Na ji matarsa tana yi masa sannu da zuwa bai amsa ba. Kai tsaye ɗakina ya shigo, rigarsa ta jiƙe da gumi, idonsa ja.

"An ce an gan ki a shagon."

"Aiki ne ya kai ni, Yaya. Kwamfutar ce take..."

Ban ƙarasa ba. Ba ni yake kallo ba. Idonsa yana kan 'yar baƙar kwamfutar da ke gefen allo. Mako guda tana ɗakin, amma bai taɓa shigowa ya gan ta ba.

Ya matso kamar mai tsoron kada ta gudu. Ya ɗaga ta, ya kifa ta a tafin hannunsa. A ƙarƙashinta, kusa da ƙafar roba, akwai wasu lambobi da aka karta a jikin ƙarfen. Na sha ganinsu ban taɓa kawo komai a raina ba.

"A ina kika samu wannan?"

"Wurinsa na saya."

"Auta, ni na karta lambar nan da hannuna."

Ya fizge wayoyin gaba ɗaya. Allon ya yi baƙi, aikin da na wuni ina yi ya tafi ban adana ba.

"Yaya, aikina!"

Ko juyowa bai yi ba. Na bi shi falo, inda Umma take zaune a kujerarta da sandarta a gefe. Ya ajiye kwamfutar a gabanta.

"Umma, yau masu bincike suka zo daga babban ofis. Kwamfuta ashirin babu su a sitona. Ashirin! An ce in zauna a gida sai an gama bincike. Tun safe nake rantsuwa ana yi mini kallon ɓarawo. Ashe ga ɗaya a cikin gidana, a ɗakin ƙanwata, daga hannun wanda na ce ta rabu da shi."

Umma ta dafe ƙirji tana salati.

"Ba ɓarawo ba ne," na ce. "Saya yake yi. Bai taɓa karɓar kaya babu takarda ba, na san shi."

"Kin san shi! Ni kuma da na goya ki ba ki san ni ba."

"Don Allah ka bari a tambaye shi. Ka kira shi, yanzu zai zo."

"'Yan sanda za su tambaye shi."

Ya zaro waya. Na durƙusa na riƙe ƙafar wandonsa.

"Yaya, don darajar Baba."

Ya janye ƙafarsa. A gabana ya kira Manaja. Ina jin yadda muryarsa ta sauya, ta yi laushi.

"Ranka ya daɗe, an samu ɗaya. E, da lambarmu. Wurin mai gyaran nan."

Ban ji abin da aka ce daga can ba. Na dai ga Yaya ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe. Yadda ka ce."

Na kira Injiniya ya fi sau goma ban same shi ba, Yaya ya zo ya karɓe wayar. Sai da safe matarsa ta saci jiki ta miƙo mini ita a ƙarƙashin tiren kwanuka.

*

Tun daga bakin layin na san an riga ni. Mai wayoyi yana tsaye a ƙofar shagonsa, da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

Kantar da Injiniya yake jera ƙananan kwamfutocin a kai wayam take, sai shatin inda kowace ta zauna. Shi kuma yana zaune a kan kujerarsa, hannuwansa a tsakanin gwiwoyinsa.

"Sun zo?"

"Da sassafe. Mutum biyu daga kamfanin da ɗan sanda ɗaya. Sun kwashe sha ɗayan da suka rage. Sun ce zuwa azahar in kai shaidar inda na samo su, in ba haka ba su dawo."

"To tashi mana! Ɗauko takardar mu tafi."

"Babu takarda."

Na tsaya ina kallonsa.

"Kai? Kai da ko linzamin kwamfuta ka saya sai ka ajiye rasit?"

"Wannan karon ban karɓa ba. A kasuwa na saya wurin wani, ban san sunansa ba."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Bai ɗago ba.

Na san inda yake ajiye takardunsa, wani koren fayil a bayan akwatin wayoyi. Na miƙa hannu, ya yi zumbur ya miƙe.

"Mai Zane, kada ki taɓa."

Shagon ya yi ƙanƙanta da zai tare ni ba tare da ya taɓa ni ba, shi kuwa ba zai taɓa ni ba. Na zaro fayil ɗin. Tana sama-sama, alamar ya daɗe yana duba ta.

Takarda ce mai tambarin kamfanin su Yaya. An rubuta cewa kwamfutoci ashirin sun tsufa, an cire su daga aiki, an ba da izinin sayarwa. Ga lambobinsu a jere. A ƙasa, inda aka rubuta mai kula da sito, ga sunan Yaya. Ga sa hannunsa, wanda na san shi tun ina firamare a jikin katin sakamakona.

Na zauna a kan wani kwali.

"Wa ya kawo maka su?"

Ya koma kan kujerarsa.

"Direban Manaja. Wata biyu da suka wuce."

"Ba ka yi tambaya ba?"

"Na ga sunan Yaya, tambayar me zan yi?" Muryarsa ta karye. "Na ɗauka shi ya turo su wurina. Masu gyara nawa ne a garin nan? Na ce a raina mutumin nan ba zai iya faɗa da baki ba ne, shi ne ya turo mini ciniki don in gane ya fara yarda da ni. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba don murna. Ta ciki da ta fi kyau na ware miki."

Na toshe bakina da mayafi.

"Abin da ka ce ka gani ke nan?"

"Shi ke nan."

"To ka kai musu. Ka faɗa musu direban ne."

"Direban ya bar aiki tun makon jiya, na kira lambarsa a kashe. Sunan Manaja babu shi ko'ina a takardar nan. Duba da kyau. Suna ɗaya ne a jiki."

Na sake dubawa, kamar dubawar za ta sauya wani abu.

"In na kai ta, ni na fita, Yaya ya shiga. Yaransa uku. Maganin Umma a wuyansa yake. Ni kuwa kaina kaɗai nake ɗauke da shi."

"Kai ba mutum ba ne? Shagon nan fa? Shekara nawa kana tara shi noti-noti? Wa zai sake kawo maka gyara in aka ce kayan sata kake saya?"

"Zan fara daga farko."

"Za su rufe ka!"

"Kwana nawa ne."

"Ka daina yi mini magana kamar ba komai ba!" Kukan ya ƙwace mini gaba ɗaya. "Mutumin da ya bar ka a tsaye a rana sau biyu, shi za ka shiga wannan masifar dominsa? Ko ruwa bai taɓa ba ka ba."

"Ba dominsa ba ne." Ya durƙusa a gabana, nesa kaɗan, idonsa cike da hawaye. "In na ɗaure yayanki, da wane ido zan shiga gidanku? Umma za ta ba ni ke? Ke kanki, shekara goma nan gaba, in kika kalli yaransa kika kalle ni, me za ki gani? Ta can ma na rasa ki, ta nan ma na rasa ki. Gara in rasa ki ba ki tsane ni ba."

"Ba zan tsane ka ba."

"Yau kike faɗa."

Na ninke takardar na cusa a jakata. Ya miƙo hannu.

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba."

"Don Allah, Mai Zane."

Na fita da gudu. Ina jin yana kirana har na sha kwana.

*

Yaya yana falo da rigar shan iska, ya zuba wa talabijin ido alhali a kashe take. Umma tana kujerarta. Na ajiye takardar a kan tebur, amma ban ɗauke yatsuna daga kanta ba.

"Yaya, wannan sa hannun wa ne?"

Ya leƙo da niyyar yi mini tsawa. Na ga lokacin da tsawar ta maƙale. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Nawa ne."

"Me ke nan?" Umma ta tambaya. "Ku yi mini bayani mana, kun bar ni kamar gunki."

Yaya ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Umma, wallahi ban san da ita ba. Kullum dab da tashi Manaja yake turo mini takardu tuli guda, ya ce in sa hannu da sauri mota tana jira. Shekara shida haka muke yi. Ban taɓa karantawa ba. Wa zai ce wa Manaja bari in karanta?"

"Direbansa ne ya kai su shagon," na ce. "Jiya da ka kira Manaja, ya san inda suke tun kafin ka faɗa."

Yaya ya riƙe kansa da hannu biyu.

"Shi ya ce kada in je shagon da kaina. Ya ce in bar masa komai."

"To yanzu ka sani. Tashi mu je ka faɗa musu."

"In faɗa musu me? In ce na sa hannu ban karanta ba? Wa zai yarda? Shi za su saurara ko ni?" Ya ɗago, ban taɓa ganin hawaye a fuskar Yaya ba ko ranar da aka fita da Baba. "Shi mai gyaran, me ya ce zai yi da ita?"

"Ya ce babu takarda. Ya ce a kasuwa ya saya."

Matar Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, hawaye yana bin kumatunta.

Na jira Yaya ya ce wani abu. Na jira ya miƙe ya nemi takalminsa. Ya dai ci gaba da kallon tayil.

Umma ce ta yi magana.

"Auta, zo nan."

Na matsa. Ta kamo hannuna da hannayenta masu sanyi.

"Yaron nan ɗan halak ne. Na yarda yau, na kuma ji kunyarsa. Allah ya saka masa." Ta ƙara riƙe hannuna. "Amma tunda shi da kansa ya zaɓi ya rufa mana asiri, ki bar shi ya rufa."

"Umma!"

"Ni na haife ku ku biyu. Kina so in zauna a kujerar nan ina kallo a tafi da ɗaya, a hannun ɗaya?"

"Shi ma haifarsa aka yi, Umma. Don uwarsa ba ta da rai shi ke nan ba shi da mai yi masa kuka?"

"Na sani. Wallahi na sani." Ta fashe da kuka. "Ban ce daidai ba ne. Roƙonki nake yi. Ban taɓa roƙonki komai ba. Ba ni takardar."

Ta fara ƙoƙarin zamowa daga kujerar, da ƙafafun nan da ba sa lanƙwasuwa, wai za ta durƙusa mini. Na rungume ta na mayar da ita ina kuka tana kuka.

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Baƙuwar lamba.

"'Yar'uwa, ni ne mai wayoyi, maƙwabcin Injiniya. Sun dawo. Ba su ma jira azahar ɗin ba. Sun sa wa shagon kwaɗo sun tafi da shi a mota."

"Wane ofishin?"

"Na bakin babban titi. Amma ya ce in faɗa miki kada ki zo. Sau biyu ya faɗa, har suna tura shi."

Ban san lokacin da na fizgi takardar daga kan tebur ba. Umma tana kiran sunana, Yaya ya miƙe amma bai tare ni ba. Na fita ko takalmi ban daidaita ba.

A ƙofar gida na tsaya. Rana ta take, layin babu kowa. Tafiyar minti goma ce zuwa babban titi. Na ɗaga ƙafa, kukan Umma ya biyo ni ta taga. Na mayar da ita. Na sake ɗagawa. Takardar ta jiƙe da gumin tafina, ni ban tafi ba, ni ban koma ba.

Wata farar mota ta shigo layin a hankali ta tsaya daidai gabana. Gilashin ya sauka, sanyin cikinta ya bugi fuskata.

Manaja ya cire tabarau. Ya kalli idanuna da suka kumbura, ya kalli takardar da ke hannuna, bai nuna ko ɗar ba.

"Ƙanwata, wa ya taɓa ki haka?"

Na ƙara damƙe takardar.

"Kin ga wannan takardar, in kika kai ta, yayanki ne zai kwana a can. In kika ajiye ta, mai gyaranki ne. Ni kuwa ba na son ko ɗaya." Ya yi murmushi. "Kamfani ne ya kai ƙara, ni ne kamfani a nan. Waya ɗaya zan buga in ce kuskuren lissafin sito ne, a buɗe shagon, yayanki ya koma aiki gobe, kowa ya kwana a gidansa."

"To ka buga," na ce da muryar da ban gane tawa ba ce. "Don Allah ka buga."

"Zan buga. Wata huɗu nake jiran kalma ɗaya daga bakinki, ba ki ba ni ba. Ki ba ni tawa, in ba ki taki."

Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefensa daga ciki.

"Shigo mu yi maganar a hanya. An ce ɗakin da suke ajiye mutane ba shi da taga."

Na waiwaya. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar gida babu takalmi, ya ji komai. Na zuba masa ido ina jiran ya ce kada in shiga.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sunkuyar da kai.

Na kama murfin motar. Ƙarfen ya ɗau zafin rana har yana ƙona mini tafi, amma ban sake shi ba.